Koyar Da Yara Fuskokin Itace Na Mutanen Yup'ik: Daga Taswira Zuwa Faifai

Malamai da iyaye sun yi ta tambayata yadda nake gudanar da darasin fuskokin itace na mutanen Yup'ik na Alaska, wanda nake yi wa 'yan aji biyar a lokacin zane da aikin hannu. Wasu kayan aiki suke son sani, wasu kuma tambayarsu ita ce ko iyaye ba sa yin ƙorafi. Ga yadda nake yi, daki-daki. Tsarin na yara ne masu shekara 8 zuwa 12, a zama huɗu na minti 40 kowanne. Wanda zai yi a gida da 'ya'yansa yana iya raba shi a Asabar biyu.

Abin da ya fi kayan aiki muhimmanci shi ne jerin matakan. Karon farko da na gwada, da hoto na fara. Ina ɗaga shi wani yaro a baya ya ƙwala ihu, "Dodo!", aji ya ruɗe da dariya, har aka tashi ba wanda ya ji ko kalma ɗaya daga bakina. Tun daga ranar, hoton fuska ba ya fitowa daga jakata sai a zama na biyu.

1. Ka fara koyar da kanka

Ba sai ka zama masani ba, amma kalmomi shida nake so su zauna a bakinka kafin ka shiga aji. *Kegginaquq* ita ce fuskar itacen kanta, wadda mai rawa ke sawa a biki. *Qasgiq* shi ne babban ɗakin maza inda ake taruwa a yi biki. *Angalkuq* shi ne mai magani wanda suka yi imani yana hulɗa da ruhohi. *Yua* ma'anarta "mutumin cikinsa", wato ran da suka ɗauka kowace dabba da kowane abu yana da shi. *Cauyaq* ita ce gangarsu, *yuraq* kuma rawa.

Furucin bai kai yadda yake ba da tsoro a rubuce ba, musamman ga yaran da ke zuwa Islamiyya. Harafin q nasu daga maƙogwaro yake fita kamar ƙaf ta Larabci, r ɗinsu ta yi kusa da gain, c kuwa irin tamu ce ta "ciki" da "cokali". Ɗan waƙafin sama da ke bayan p a sunan Yup'ik alama ce ta ninka harafin, kamar an ɗora masa shadda. Sunan daga *yuk* ya fito, wato mutum, da *pik*, wato na ainihi.

*Hattara:* kada ka kira su Eskimo. Sunan yana nan a tsofaffin littattafai, amma da yawa daga mutanen yankin ba sa son sa. Kada kuma ka fassara angalkuq da maye. Ko "boka" ma da ɗan nauyi a kunnen yaranmu, domin da sun ji shi sai tunaninsu ya tafi ga bokan wasan kwaikwayo mai jan ƙyalle da muguwar dariya. Ni "mai maganinsu" nake cewa, sannan in bi da sunan asali.

2. Ka sanar da shugaban makaranta da iyaye

Wannan matakin ne mutane ke tsallakewa, shi ne kuma yake jawo musu magana. Mako guda kafin farawa, ka rubuta gajeriyar takarda: za mu koyi yadda wasu mutane a arewacin duniya suke rayuwa da abin da kakanninsu suka yi imani da shi, ba za mu yi bikinsu ba, ba za mu kwaikwayi addu'arsu ba, aikin hannun da yara za su yi kuma a kan abincin gidansu ne. Ka bar gurbi ga wanda ba ya son ɗansa ya zana fuskar mutum ko ta dabba. Akwai hanyar yin aikin ba tare da sura ba, za mu zo gare ta.

Shekarar da ban yi haka ba, wani uba ya zo har ƙofar aji da kwalin ɗansa a hannu, ya ce, "Malam, gunki kuka koma koya musu?" Laifina ne, domin abin da yaron ya kai gida ke nan ba tare da wani bayani ba. Muka zauna a inuwa na nuna masa littafin darasi, ya tafi ba fushi, amma da na aika takarda tun farko da ban ɓata masa safiyarsa ba.

3. Haɗa kaya

Yawancin kayan ba na saye ba ne. Ka sa yara su kawo tsohon kwali mai kauri, ko tsohon faifai in uwa ta yarda, da sillen kara, da kaba ko tsinken tsintsiya mai lanƙwasuwa, da gashin zabo, kaza ko tattabara. Launi kuwa farar ƙasa, jar ƙasa, gawayi da bular wanki sun isa. Ba don sauƙin kuɗi kaɗai na zaɓe su ba. Masassaƙan Yup'ik na da da farin yumɓu, da jar ƙasa, da baƙi, da wani shuɗi da ake samu a ƙasa suke shafe fuskokinsu, don haka yaro zai riƙe a hannunsa kusan irin abin da su suka riƙe. A jiƙa ƙaro a kwaɓa launin da shi don kada ya kakkaɓe in ya bushe.

Abin da zai ci kuɗi uku ne: buga hotuna huɗu ko biyar masu kala a shagon kwamfuta, data ta sauke bidiyo ɗaya, da almakashi da zare in makaranta ba ta da su. Hotunan su ne mafi tsada, kuma a nan ne bai kamata a yi ƙoro ba. In aka buga baƙi da fari, rabin darasin ya tafi. Ka sa a rufe su da leda mai kauri, za su yi maka shekaru. Taswirar duniya ko ƙwallon duniya sai a aro.

Wajen neman hotuna, ka rubuta "Yup'ik mask" ka zaɓi waɗanda suka fito daga gidajen tarihi kai tsaye: Smithsonian, gidan tarihi na Anchorage, ko Metropolitan na New York, inda akwai wata sananniyar fuska ta iskar arewa. Su ne ke rubuta ƙauyen da abu ya fito da kayan da aka yi shi da su. Ka nemi ɗaya mai zobe kewaye da ita, ɗaya mai hannaye, ɗaya mai ƙaramar fuska a jikin dabba, da guda biyu da aka yi tagwaye.

*Hattara:* intanet cike take da fuskokin wasu ƙabilun Amurka da aka liƙa wa sunan Yup'ik, da hotunan da kwamfuta ta ƙirƙira. Dogayen gumakan itace da ake kafewa a ƙasa na mutanen kudu maso gabashin Alaska ne, irin su Tlingit da Haida, ba na Yup'ik ba. Gashin tsuntsu kuma a wanke shi da sabulu a shanya a rana kafin ya shigo aji, kuma na wanda aka yanka ne, ba na mushe ba.

4. Zama na ɗaya: ƙasa da abinci

Ka kafa taswira, yaro ɗaya ya sa yatsa a inda kuke, wani ya nemo Alaska a can ƙuryar arewa maso yammacin nahiyar Amurka, daf da Rasha. Amurka daga hannun Rasha ta saye ta a 1867. Ka nuna musu koguna biyu, Yukon da Kuskokwim, da shimfiɗaɗɗen filin da ke tsakaninsu inda suke faɗawa tekun Bering. Nan ne ƙasar Yup'ik. Babban garinsu Bethel, har yau babu titin mota da ya haɗa shi da sauran manyan garuruwan Alaska, sai jirgin sama ko na ruwa.

Daga nan sai tambayoyi. Ƙasa ce mai fadama da tafkuna, kusan babu bishiya, kogi yana daskarewa har a yi tafiya a kansa, a watan Disamba hasken rana bai kai awa shida ba. To me za a ci? Ka bar su su yi ta canka. Za su ce gero, ka ce ba ya fitowa. Za su ce shanu, ka ce babu. A hankali za a iso ga kifi, musamman samon da ke hawowa kogi da bazara a kama a shanya, da sil, wata dabbar teku da nake kwatanta musu da ayu, da karibu mai kama da babbar barewa, da tsuntsayen ruwa da ƙwansu, da 'ya'yan itatuwan ƙasa.

Sannan ka jefa tambayar da duk darasin ya rataya a kanta: in kifi bai zo ba bana fa? Yaran da iyayensu ke noma nan take suke ganewa, domin sun san yadda gida ke yin tsit in damina ta makara. Wata yarinya ta taɓa cewa, "Malam, ai kamar rumbu ne, amma nasu yana cikin ruwa." Na rubuta maganarta a allo muka yi aiki da ita har ƙarshen zango.

Ka rufe zaman da itace. Tunda babu daji, da me ake sassaƙa? Da kututturan da koguna ke kwasowa daga can cikin ƙasa su zubar a gaɓa. Mutum sai ya fita ya tsinto, ya duba, ya ajiye. Masassaƙi kuma da 'yar wuƙa mai lanƙwasasshen baki yake rarake shi. Yaron da ya taɓa tsayawa wurin masassaƙin turmi ko mai gyaran ƙwarya zai ga abin a idonsa.

5. Zama na biyu, kashin farko: ɗakin taro da tatsuniya

Ka zana qasgiq a allo: ɗaki ne rabinsa a cikin ƙasa, an yi shi da itace an rufe da ƙasa mai ciyawa, ana shiga ta rami, a samansa akwai taga guda da aka rufe da hanjin sil don haske ya shigo, a ciki fitilun man dabba. Maza da samari nan suke kwana, nan suke aiki, nan dattawa ke yi musu faɗa da nasiha, mata da ƙananan yara kuma suna nasu gidajen. Da hunturu, lokacin da farauta ta yi sauƙi, nan ake bukukuwa.

Yanzu ka ba su labari, kamar yadda ake ba da tatsuniya, ba karatu daga takarda ba. Akwai labarin da dattawan Yup'ik ke bayarwa na yaron da ya zauna da sil. Iyayensa suna so ya zama gwanin mafarauci, sai mai magani ya tura shi ƙarƙashin ƙanƙara, ya shekara a wurin sil, waɗanda su ma suna da nasu qasgiq. Wani babban sil ya riƙe shi yana koya masa. Daga can ƙasa suna hango mutane ta tagar sama. Wanda ke share dusar ƙanƙara daga ƙofa, yana gyara ramin ɗiban ruwa, yana taimakon tsofaffi, fuskarsa a fili suke ganin ta, kuma gare shi suke yarda su miƙa kansu. Malalaci da mai wulaƙanta abinci kuwa suna kauce masa. Da shekara ta zagayo yaron ya dawo gida ya faɗa wa mutane abin da ya gani.

Kada ka fassara musu darasin labarin. Ka tambaye su: a wannan labarin, mafarauci ne ke kama dabba, ko dabba ce ke zaɓen mafarauci? In sun amsa, ka ƙara musu da cewa a al'adar da, in an kawo sil gida sai a ba shi ruwan sha a baki kamar baƙo, kuma akwai bikin hunturu da ake mayar da mafitsarar duk sil ɗin da aka kama cikin teku ta ramin ƙanƙara, domin a imaninsu a nan ransa yake, kuma ta haka zai sake dawowa.

*Hattara:* ka riƙa cewa "a imaninsu", "kakanninsu sun ɗauka". Yara suna bambance labarin abin da wasu suka yarda da shi da abin da ake ce musu su yarda da shi, muddin malami bai cakuɗa ba. Haka kuma kada ka bari a mayar da abin dariya. Wanda ya ce "wawaye ne", ka tambaye shi ko shi zai iya kwana ɗaya a can.

6. Zama na biyu, kashi na biyu: karanta fuska

Sai yanzu hoto zai fito. Ka raba yara rukuni-rukuni, kowane rukuni hoto ɗaya, da doka guda: minti biyu na farko ba a faɗin ko kyau ko muni, ƙirge kawai. Ido nawa? Hannu nawa? Yatsu nawa a kowane hannu? Gashin tsuntsu nawa? Wace dabba kuka gano? Ƙirgen nan shi ke kashe ihun "dodo", domin bakin da ke lissafi ba ya samun sararin tsokana.

Bayan sun kawo abin da suka gani, ka bi alamomin ɗaya bayan ɗaya.

Ƙaramar fuskar mutum da ke leƙowa daga bayan kifi, ko cikin tsuntsu, ko bakin sil, ita ce yua. A nan za ka ji wani ya ce, "A'a, sil ɗin labarin nan ne!" Ka bar shi ya yi wa sauran bayani, ya fi naka shiga.

Zoben itace ɗaya ko biyu da ke kewaye da fuskar sunansa *ellanguaq*, kwatancin duniya ne da sassanta. A jikinsa ake soke ƙananan sassaƙe: ƙafa, fiffike, wutsiyar kifi, matuƙin kwalekwale. Kalmar *ella* da sunan ya fito daga gare ta tana nufin duniya, tana nufin yanayi, tana kuma nufin hankali. Yara na jin daɗin wannan, su da suka san "gari" na nufin birni kuma ana cewa gari ya waye, gari ya yi zafi.

Hannaye su ne suka fi jan magana. Sau da yawa babu babban yatsa, kuma tafin a huje yake. Bayanin da aka fi bayarwa shi ne hannu ne da ba ya damƙe komai duka: wasu dabbobin suna wucewa ta hujin su iso ga mafarauta, wasu su tsira su hayayyafa. Nakan kawo gyaɗa cikin kwano in sa yaro ya ɗiba da yatsu huɗu a buɗe ba tare da babban yatsa ba. Abin da ya zube ya koma kwano, na baɗi ke nan. Manomin da ke ware iri kafin a taɓa rumbu ba ya buƙatar a yi masa dogon sharhi.

Baki mai lanƙwasa sama galibi namiji yake nunawa, mai lanƙwasa ƙasa kuma mace. Wannan sai ka faɗa da wuri, in ba haka ba duk za su rubuta cewa fuskar tana fushi ko tana kuka. Da'ira mai ɗigo a tsakiya kuma ana kiran ta *ellam iinga*, idon duniya.

Sannan ka faɗi abin da ake yi da su. Yawanci angalkuq ne ke faɗin surar da ya gani, gwanin sassaƙa ya fitar da ita, wani lokaci shi da kansa. Ana sa su a bikin ƙarshen hunturu da ake kira *Agayuyaraq*, hanyar roƙo, inda ake neman kifi da dabbobi da itacen gaɓa da kyakkyawan yanayi na shekara mai zuwa. Wata fuskar ana ɗaurawa, wata ana cije wani ɗan itace a bayanta da haƙori, manya kuwa daga rufin ɗaki ake rataye su mai rawa ya tsaya a baya. Kowace tana da waƙarta da labarinta. In biki ya ƙare, da yawa ƙona su ake yi ko a kai su fili a bari.

*Hattara, kuma wannan ce babba:* kada ka ƙirƙiri ma'ana. Alamomin da na lissafa na gama-gari ne, amma ainihin abin da wata fuska ke faɗi yana cikin waƙar da aka yi mata, kuma yawancin waɗanda suka kwashe su ba su rubuta waƙoƙin ba. Ƙauye da ƙauye ma salo ya bambanta. In yaro ya tambayi ma'anar wani ɗigo da ba ya cikin bayanin gidan tarihin, amsar ita ce wanda ya sassaƙa ta da mutanen ƙauyensa ne suka san wannan. Wani kuskuren kuma, mujiya: tana fitowa a fuskokinsu da kayan rawarsu, kada yara su ɗora mata camfin da ake yi mata a nan.

7. Bidiyo na minti biyar

A farkon zama na uku ka nuna rawar yuraq. Ka nemi ta bikin Cama-i da ake yi kowace shekara a Bethel. Ka ce su lura da abu uku: maza a gaba a durƙushe, mata a tsaye a bayansu, makaɗa da faffaɗan ganguna masu kama da babbar rariya ana bugunsu da siririyar sanda. Ƙafa ba ta cika motsi ba, hannu ne ke ba da labari, riƙe da 'yan mafitai masu gashi.

Amfanin bidiyon shi ne yara su ga mutane masu tabarau da wayar hannu, da jikoki a gefe, su san ba labarin mutanen da suka ƙare ake ba su ba. Ka sauke shi tun a gida. Dogaro da sabis a cikin aji ya sha kunyata ni.

8. Aikin hannu

Ga dokar da ba na sassautawa: ba a kwafar fuskar Yup'ik. Abin roƙo ne na wasu mutane, da waƙarsa da mai shi. Abin da za mu ara shi ne dabarar: tsakiya, zobe, da abubuwan da aka soke a zoben. Labarin kuwa na yaron ne.

Da farko kowa ya rubuta amsar tambaya biyu a littafinsa. Wane abu ne gidanku ya dogara da shi? Me yake buƙata kafin ya samu? Ɗan manomi zai ce gero, da ruwan sama, da taki. 'Yar masunci za ta ce kifi, da taru, da cikar kogi. Wani yaro ya taɓa rubuta keken ɗinkin mahaifiyarsa da wutar lantarki, na ce ya yi daidai. Wanda bai rubuta ba, ba ya taɓa almakashi.

Sai a bi wannan jeri. A yanke kwali gwargwadon faɗin faifai ƙarami. A zana babban abin a tsakiya da gawayi. A shafa farar ƙasa ko'ina a bar ta ta bushe, sannan ja, sannan shuɗi, baƙi a ƙarshe. A lanƙwasa kaba ko tsinke a yi zobe wanda ya fi kwalin faɗi da kamar yatsu huɗu, a ɗaure bakinsa da zare. A haɗa zoben da kwalin da guntayen kara guda huɗu. A yanka ƙananan siffofi daga ragowar kwali ko ɓargon kara, a soke su a zobe. Gashin tsuntsu shi ne na ƙarshe. A maƙala sanda a ƙasa don riƙewa.

Wanda iyayensa ba sa son sura, ya sa zangarniya, ko ɗigon ruwa, ko fartanya, ko kwalekwale a tsakiya. Sau da yawa ma nasu ya fi fitowa da kyau.

*Hattara:* ba na huda ido, kuma ba a ɗaura wa a fuska. Dalili biyu ne. Farar ƙasa da bula suna shiga ido, sannan da zarar yaro ya rufe fuskarsa, darasi ya koma tashe, sai guje-guje da tsorata 'yan aji ɗaya. Huda kwali da basilla aikin malami ne shi kaɗai, reza kuma ba ta shigowa aji. Kaba a jiƙa ta tun daren jiya, busasshiya karyewa take yi. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗora launi a kan wanda bai bushe ba, komai ya koma ruwan toka, kwali ya yi laushi ya lanƙwashe. In da hali, a shafa farin a ƙarshen zama na biyu ya kwana.

9. Zama na huɗu: kowa ya faɗi nasa

Kowane yaro minti ɗaya: ya ɗaga aikinsa, ya faɗi abin da ke tsakiya, ya faɗi abu biyu da ke kan zobe da dalilinsu. In aji ya yi yawa, a yi rukuni-rukuni. Ba a kunna waƙar Yup'ik a bayansu, ba a kwaikwayon rawar da aka gani. Makin da nake bayarwa rabi na bayani ne, rabi na amsa tambaya ɗaya a kan Yup'ik, misali me hujin hannu ke nufi, ko me ya sa itace ke da daraja a can. Kyan zane ba ya cikin lissafi, in ba haka ba masu hannu su kwashe komai.

10. Tambayoyin da za su zo

"In ana ƙonawa, ya aka yi muka ga hotonsu?" Wannan kullum sai an yi ta. Baƙi ne suka saya ko suka tattara. Edward Nelson ya tara wa Smithsonian kaya masu yawa tsakanin 1877 da 1881, Johan Adrian Jacobsen ya kai wasu Berlin bayan tafiyarsa ta 1882 zuwa 1883, a shekarun 1940 kuma masu zane da marubutan Faransa irin su André Breton suka riƙa sayensu a New York. Shi ya sa tagwayen fuskoki da aka sassaƙa tare, yau za ka tarar ɗaya a wannan ƙasa ɗaya a waccan.

"Har yanzu suna yi?" 'Yan mishan sun iso, cocin Moravian ta kafu a Bethel a 1885, aka yi ta hana rawar fuska har ta kusa ɓacewa a farkon ƙarni na 20. Yau yawancin Yup'ik Kiristoci ne. Rawa ta dawo da ƙarfi, akwai kuma masu sassaƙa na zamani. A Janairun 1996 an ɗauko tsofaffin fuskoki daga gidajen tarihi aka kai su ƙauyen Toksook Bay, dattawa suka gan su suka faɗi abin da suka tuna, a wani nuni da aka sa wa suna *Agayuliyararput*, hanyarmu ta yin roƙo. A kusa da ƙauyen Quinhagak kuma, a wani tsohon mazauni da ake kira Nunalleq, tun 2009 ake tono kayan itace na ɗaruruwan shekaru, har da fuskoki, waɗanda daskararriyar ƙasa ta adana, yanzu kuma teku ke cin gaɓar. Kayan suna ajiye a ƙauyen, a hannun jikokin masu su.

"Mu ma za mu ƙona namu?" A'a. Ƙonawar tasu ɓangare ce ta ibadarsu, namu kuwa aikin makaranta ne. A rataye su a bangon aji mako biyu, kowanne da 'yar takarda a ƙasansa mai sunan yaro da jimla ɗaya ta bayaninsa. Ranar da za su kai gida, ka maƙala takardar a bayan kwalin da zare don kada ta faɗi a hanya, ka kuma ce kowa ya yi wa mahaifiyarsa bayanin zoben kafin ya ajiye jaka. Gashin da ya rage a ƙulle a leda, hotuna a mayar cikin ambulan, ragowar ƙaro kuma a zubar, domin in ya kwana uku a kwano wari yake yi.